Baƙi Biyu a Saman Fasta, Mawaƙa 120 a Layin Ƙarshe: Yadda Na Ji Daren Brahms

A jikin fastar da aka manna a ƙofar zauren, sunan mai sofrano (muryar mace mafi sama) da na mai bariton (muryar namiji matsakaiciya) ne aka rubuta da manyan haruffa, har da hotunansu. A ƙasa da su akwai sunan madugun makaɗa, sannan na okestirar yankin, wato babbar ƙungiyar makaɗa. Ƙungiyar mawaƙan kwaya kuwa, mutum wajen 120, tana can layin ƙarshe da rubutun da sai ka matso kafin ka karanta. Wanda ya tsara fastar nan ko dai bai san waƙar da za a rera ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai. Abin da aka yi a daren shi ne "Requiem na Jamusanci" na Johannes Brahms, waƙar makoki mai kashi 7, fiye da awa ɗaya, kuma babu kashin da 'yan kwaya ba sa buɗe baki a cikinsa. Mai sofrano kashi ɗaya tak take da shi, na 5. Mai bariton yana da rabo a na 3 da na 6. Su biyun an biya su, an ɗauki nauyin tafiyarsu da masaukinsu. Mutum 120 ɗin nan ko sisi ba a ba su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wai ina ƙyashin baƙin ba ne, sana'arsu ce kuma da ita suke ci. Amma duk mai niyyar sayen tikitin irin wannan taro ya kamata ya san abin da yake saya. Daren zai yi kyau ko ya lalace ne a bakin waɗancan da ke tsaye a bayan makaɗa.

Wata abokiyar aikina tana cikin masu alto, wato muryar mata ta ƙasa, a wurinta na san yadda abin ke gudana. Ba haka kawai ake shiga ba, sai an gwada muryarka, an miƙa maka takardar waƙar da ba ka taɓa gani ba an ce ka rera. In ka samu shiga, kai za ka biya kuɗin ƙungiya, kai za ka sayi littafin waƙar, kai za ka tanadi baƙaƙen kayan da za ka sa. Bita kowane mako, da daddare, bayan an taso daga aiki. A cikinsu akwai ma'aikatan jinya, malaman makaranta, akantoci, ɗalibai, da dattawan da suka yi ritaya. Sun yi wata uku suna bitar wannan waƙa da piyano kaɗai. Da okestira kuwa zama biyu suka samu kafin ranar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: makaɗan okestirar yanki galibi ana biyansu ne a kan kowane zama, na bita ko na wasa, saboda haka duk awar da aka tara makaɗa 60 a kan dandamali kuɗi ne ke zuba. 'Yan kwaya lokacinsu kyauta ne, na makaɗa ba kyauta ba ne. Kusan duk abin da ya yi daɗi a daren nan daga wata ukun can ya fito, kuma kusan duk abin da ya yi tangal-tangal daga zama biyun nan ne.

Ba zan yi musu sassauci don suna 'yan sa-kai ba, domin don irinsu aka rubuta waƙar. Brahms, wanda aka haifa a Hamburg a 1833, ya san irin waɗannan muryoyi ciki da bai. A 1859 yana jagorantar wata kwayar mata a garinsu, a 1863 kuma ya karɓi jagorancin kwayar Singakademie a birnin Biyana. Duk 'yan sa-kai ne, ba waƙa ce sana'arsu ba. Har yau wasu daga cikin manyan kwayoyin duniya haka suke. Singverein ta Biyana, wadda aka kafa a 1858, ba mai karɓar albashi a cikin mawaƙanta, kuma da fitattun okestirori take rerawa. Kwayar okestirar Atlanta a Amurka, wadda Robert Shaw ya kafa a 1970, ita ma ta 'yan sa-kai ce, ta kuma ci lambobin Grammy. To, rashin albashi ba hujja ba ce.

An buɗe da wani ɗan gajeren kiɗan Brahms na 1880, okestira kaɗai. A nan ba ni da dogon zance. An kaɗa shi tsaf, ba kuskure, ba kuma wani zafi. Daga ji ka san lokacin bita ba a nan ya ƙare ba. Bayan shi sai aka bar mu muna zaune muna kallon mawaƙa suna shigowa layi-layi suna hawa matakala, har aka fara hira a kujeru. Da an zaunar da su tun farko, da an huta da wannan.

Kashi na 1 shi ne ya gamsar da ni cewa ban yi asarar dare ba. Brahms ya hana masu bayolin taɓa gogensu a wannan kashi baki ɗaya. Suna zaune, izga a cinya. Manyan goge masu zurfin murya, biyola da celo da na ƙasa da su, su ne ke shimfiɗa sauti mai duhu, sai kwaya ta shigo a hankali, kusan ba kiɗa a ƙarƙashinta, tana cewa masu makoki masu albarka ne, za a ta'azantar da su. Rera waƙa da ƙarfi ba wuya ga mutum 120. Wuyar ita ce su rera ƙasa-ƙasa, a tare, ba tare da sautin ya zame ya sauka ba, kuma ba wanda ya riga wani. Sun yi. Numfashi ɗaya suka ja, harafi ɗaya suka rufe. Lokacin da obo, abin busa mai kama da algaita, ya dawo da sautinsa, wanda ba ya gocewa, sai na ji muryoyin suna daidai inda ya kamata su kasance, ba su sauka ko kaɗan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin kwaya ya san yawan daren da ake kashewa kafin a samu wannan.

Abin lura ne cewa waƙar ba addu'ar matattu ba ce irin ta Latin da aka saba. Brahms da kansa ya tsinto ayoyinsa daga Littafi Mai Tsarki na Jamusanci, fassarar Luther, kuma yawancinsu da masu rai suke magana, waɗanda aka bari. Mahaifiyarsa ta rasu a Fabrairun 1865, a wannan shekarar ya duƙufa a kan aikin. Shi ya sa waƙar ba ta son mawaƙi mai nuna gwaninta. Tana son wanda ya yarda da abin da yake faɗa, ko aƙalla ya san ma'anarsa. A wannan fannin 'yan kwayar sun fi kowa a dandamalin. An ga alama an zauna da su an bi kalma-kalma. Jamusanci harshe ne mai tarin baƙaƙe a ƙarshen kalma, kuma kwayar da ba ta yi aiki ba takan bar su su watse, kowa ya rufe nasa a lokacin da ya ga dama. A nan sau ɗaya kawai na ji wani ya makara da "s" ɗinsa, can cikin masu bas, muryar maza mafi zurfi.

Kashi na 2 shi ne ƙololuwar daren. Tafiya ce ta jana'iza, amma mai bugu uku-uku, gangar timfani na dukan ƙasa a hankali, goge a toshe. Alto da tena (muryar maza ta sama) da bas suka fara da murya ɗaya, cewa ɗan Adam ciyawa ne, darajarsa kuma furen ciyawa. Sai kiɗa ya yi ta kumbura, ƙahoni suna turawa, har maganar ta dawo da dukan ƙarfi, sofrano sun shigo. A nan madugu ya yi abin da ya dace, bai yi gaggawa ba, ya bar abin ya taru kafin ya sake shi. Na ji kujerata tana rawa. Wani dattijo da ke gefena, wanda tun shigowarmu yake fama da takardar shiri yana juya ta, sai ya ajiye ta a cinya bai sake ɗauka ba. Masu bas kuma, da suka buɗe ɓangaren murna na ƙarshen kashin, sun shigo da nauyi da tsabta. Su ne suka fi kowane sashe ƙarfi a kwayar.

Matsala ta fito a kashi na 3, kuma tsohuwar matsala ce. A ƙarshen kashin akwai fuga, wato salon da murya ɗaya ke fara jimla, wata ta biyo ta da jimlar, wata ta sake biyowa, har su huɗu su saƙu. Brahms ya ɗora wannan saƙa a kan sauti ɗaya tak mai zurfi, wanda manyan goge da ƙahonin turombon da timfani ke riƙewa ba sakewa daga farko har ƙarshe. A Disambar 1867, lokacin da aka fara gwada kashi uku na farko a Biyana, mai timfani ya doki wannan wuri da ƙarfin da ya binne mawaƙa gaba ɗaya, har wasu 'yan kallo suka nuna rashin jin daɗi. Shekara fiye da 150 ke nan kowane madugu ya san ramin nan. Namu bai faɗa ciki ba, amma ya taka bakinsa. Masu tena ne ke buɗe fugar, su kuwa ba su kai 20 ba, alhali sofrano sun haura 40. Wannan ƙarancin tena ciwo ne da kusan kowace kwayar sa-kai ke fama da shi. Sun shigo da ƙwazo, na ga bakunansu a buɗe, jijiyoyin wuya sun miƙe, amma daga inda nake sai da alto suka shigo na fara jin kalmomi. Laifin ba nasu ba ne. Mutumin da ke riƙe da sanda ne ya kamata ya danne masu busa da mai ganga, kuma irin wannan daidaitawa a bita ake yinta, ba a gaban jama'a ba. Da an sami zama na uku, ina da yaƙinin an gyara.

Mai bariton ya yi abin yabo a farkon wannan kashi, inda mutum ɗaya ke roƙon a sanar da shi cewa kwanakinsa ƙidayayyu ne, kwaya tana maimaita masa maganarsa. Muryarsa ba babba ba ce, amma kowace kalma tana isowa. Abin da na ƙi shi ne idonsa bai bar littafi ba. Mutumin da ke rera wannan waƙa birni-birni ya kamata a ce ya haddace ta. Bayansa ga mutanen da suka wuni a wurin aiki, da yawansu suna rerawa ido a kan madugu, littafi a hannu don kunya kawai.

Kashi na 4, wanda ya fi kowanne shahara har ana rera shi shi kaɗai, ya wuce lafiya. Ya ɗan yi sauri a ganina. Ba abin da zan ƙara.

Sai mai sofrano. Aikinta a wannan waƙa mugun aiki ne, dole a faɗa. Tana zaune a gaban jama'a fiye da minti 40, ba ta tari, ba ta motsi, maƙogwaro na hucewa, sannan ta miƙe ta fara da dogon layi mai tsayi, a tausashe, inda ba wurin ɓuya. Wannan kashi ma ba ya cikin abin da aka rera a babban cocin Bremen ranar 10 ga Afrilu, 1868, lokacin da Brahms da kansa ya jagoranta. Daga baya ya ƙara shi, kuma sai a Fabrairun 1869 aka yi duka bakwai ɗin a Laifzig. Shi ne kashin da ke maganar ta'aziyya irin wadda uwa ke yi wa ɗanta. Baƙuwarmu tana da murya mai kyau, mai haske, kuma ta kai duk inda ake so ta kai. Amma muryarta tana rawa da yawa, irin ta dandamalin wasan opera, kuma ta rera kamar tana gaban taron da za ta burge. A bayanta kwaya na amsawa a hankali, cikin ladabi, su ne suka fi kusa da abin da kashin ke nufi. Jimlarta ta ƙarshe ta yi kyau ƙwarai, ta sassauta, ta bar sautin ya tafi da kansa. Da haka ta fara, da na yafe wa mai fasta.

A kashi na 6 ne gajiya ta fara nuna kanta. Shi ne mafi tsawon numfashi: bariton ya yi shelar busa ƙahon ƙarshe, kiɗa ya barke, kwaya ta yi ta yi wa mutuwa tambayar ina nasararta, sannan ba hutu, masu alto su buɗe wata doguwar fuga. Alto sun shigo daram, kuma ba don ina da mutum a cikinsu na faɗa ba. Amma wajen tsakiyar fugar sai na ji kwaya da okestira sun fara rabuwa da ɗan taƙi, makaɗa a gaba, mawaƙa a baya. Wannan yana da dalili na zahiri. Mawaƙan layin ƙarshe suna da nisan mita da dama daga madugu, in suka bi kunnensu maimakon sandarsa, dole su makara, domin sauti na ɗaukar lokaci kafin ya iso musu. Madugu ya faɗaɗa hannunsa, ya kalle su kai tsaye, cikin ɗan lokaci aka haɗe. Wanda bai san waƙar ba ƙila bai lura ba. Sofrano kuma sautinsu na sama ya fara kaifi, alamar maƙogwaro ya gaji. Brahms bai tausaya musu ba, domin kashi na 7 da su yake buɗewa, a sama, da ƙarfi, nan take bayan wannan gudu. Sun riƙe, amma da ƙyar. Da waƙar ta gangaro ƙarshe, molon Turawa mai tsirkiya da yawa ya shigo kamar yadda ya yi a kashi na 1, sun dawo hayyacinsu, suka rufe da tsabtar da suka buɗe da ita.

Okestirar fa? Ta fi abin da na zata. Mai obo da mai ƙaho na farko ƙwararru ne na gaske, da za su zauna a kowace babbar okestira. Masu biyola, waɗanda ba kasafai ake jin su ba, sun ci moriyar kashi na 1. Bayolin sun yi kaɗan ga wannan waƙa, a wuraren ƙarfi sautinsu yakan sirance. Zauren ba shi da ogan, babban abin kiɗan nan na coci mai bututu, kuma ko da yake Brahms bai wajabta shi ba, na ji rashinsa a ƙarƙashin fugar kashi na 3.

Akwai wata mata da sunanta ma bai fito a fasta ba, sai a shafi na uku na takardar shiri: mai horar da kwaya. Ita ce ta yi wata ukun nan da su, ita ta koya musu inda za su ja numfashi, ita ta san wanda ke sauka da wanda ke hawa. A makon ƙarshe ta miƙa su ga madugu, ta koma cikin 'yan kallo ta zauna. Haka tsarin yake a ko'ina. Da aka kira ta dandamali a ƙarshe, mawaƙan suka yi ta buga ƙafa a kan matakala, tunda hannuwansu na riƙe da littafi. Wannan tafi ya fi na baƙin biyu ƙara, kuma 'yan kallo sun bi sahu.

Game da hidimar zauren, akwai gyara. An buga kalmomin waƙar da fassararsu a takardar shiri, abin kirki, sai kuma aka kashe fitilun zaure ɗungurungum, ba mai iya karanta ko layi ɗaya. Waƙar da duk ƙarfinta ke cikin abin da take faɗa, a harshen da yawancin masu sauraro ba sa ji, a bar mutane cikin duhu? Ko a rage fitila kaɗan, ko a haska fassarar a allo a saman dandamali, kamar yadda gidajen opera suka daɗe suna yi. Sannan masu tsaron ƙofa sun shigo da waɗanda suka makara a tsakiyar kashi na 1, daidai wurin da ya fi kowane shiru. An yi tafi bayan kashi na 2, wasu suka juya suna harara. Ni wannan bai dame ni ba. Rabin zauren 'yan uwa ne da maƙwabta da abokan aikin mawaƙa, da yawa wannan ne karonsu na farko a irin wannan wuri, kuma su ne suka cika kujerun da okestirar ba ta cikawa a sauran darare. Masu kula da asusunta sun san haka sarai, shi ya sa kusan kowace shekara sai an sa babbar waƙar kwaya a jadawali.

Na tambayi abokiyar aikina washegari ko ta ji abin da ya faru a fugar kashi na 6. Ta yi dariya ta ce, "Malam, mu da ke ciki ai mun fi ka ji. Na ɗauka mun tafi ke nan." Ta ce mai horar da su ta riga ta turo saƙo cewa bita na nan a mako mai zuwa kamar kullum, kuma duk wanda ya san namiji mai muryar tena ya jawo shi.

In za ka je, kada ka sayi kujerun gaba, ko da yake su ne suka fi tsada. A can za ka ji goge a kunnenka, ka ga takalman madugu, muryoyin kuma su wuce ta saman kanka. Nemi bene, layin farko ko na biyu, daidai tsakiya, inda sautin kwaya ke zuwa kai tsaye ba tare da masu busa sun tare shi ba. Ka je da wuri ka karanta fassarar kalmomin tun fitila na kunne. Kuma waƙar ba ta da hutu a tsakiya, daga farawa sai an gama, saboda haka mai fama da tari ya nemi kujerar bakin hanya.